Salatin shu da makullin ɗakin Lyon

To 'yan gurup, kun cinye mini batir da tambaya. Tun da na dawo Paris wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce ya Lyon, wannan ya ce an samu ko ba a samu ba, Balkisa har da saƙon murya mai tsawon hanyar Agadas. Ga labarin nan gaba ɗaya. Wanda ya sake tambaya sai ya haura sama ya karanta. Ku yi haƙuri in kun ga harafi ya tsallake, babban yatsa ne ke gudu.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba: na samu istaj, wato koyon aiki, a Lyon, kuma in ban yi shi ba babu diplom, shekara ta tafi a banza. Matsalar ɗaya ce, wurin kwana. Na aika dosiye, takardun neman ɗaki, har na gaji. Wani ya ce mai tsaya mini bai isa ba, wani kuma da ya ji sunana a waya sai ɗakin ya zama "déjà pris", wai an riga an kama. Su kuma mutanen istaj suka ce in ba zan iya farawa ba in faɗa musu da wuri, akwai mai jira. Galère ta gaske, wahala zalla.

Ana nan sai Fati, ƙawata tun lise, wato sakandare, a Damagaram, wadda ke karatu a Lyon, ta jiyo labarin wata tsohuwa 'yar Venezuela, Madam Yolanda, mai ɗaki ɗaya a gidanta. Ita ba ta son takardu. Sharaɗinta, mai son ɗakin ya zo ranar Lahadi a yi girki tare, a ci tare, ta ga mutum da idonta. Fati ta ce an riga an yi Lahadi ɗaya da wata yarinya Bafaranshiya, ɗiyar abokin aikin surukin Madam. Ni ce ta biyu, daga ni za a yanke hukunci.

Kun san a La Courneuve nake, a gefen Paris, a kan kujerar falon Tanti Rabi, ƙanwar Innata. Da na gaya mata, ba ta tambayi girman ɗakin ba, ba ta tambayi unguwa ba. Cewa ta yi mi zan kai wa matar. Na ce Tanti, nan Faransa ce, fure ake kaiwa. Ta kalle ni kamar na zagi kakanninmu, ta ce fure akuya ke ci. Ta sa ni gaba muka hau metro sai Château Rouge, shagon wani Alhaji ɗan Cadi da take sayayya wurinsa. Gaisuwarsu kaɗai ta isa a dafa wake. Ya gida, ya sanyi, ya masu jiki, ya labarin ƙasa. Da aka gaya masa inda za ni, ya ce Venezuela ai mutanen kirki ne, ya taɓa sayar wa ɗaya daga cikinsu doya. Iyakar saninsa ke nan, amma ya faɗa da ƙarfin zuciya har na ji sanyi. Muka sayi zoɓo da ƙuli-ƙuli. Da muka koma gida Tanti ta buɗe wata jaka da ban taɓa sanin tana nan ba, ta fiddo kilishi na gida, wanda ko 'ya'yanta ba ta ba. Ta naɗe, ta ce kar in kuskura in buɗe a hanya. Ta kuma ce in na je kar in kalli matar cikin ido, babba ce.

Jirgin ƙasa ya fi ƙarfin aljihuna, sai na yi covoiturage, wato mai mota za shi Lyon, ya ɗauki mutane a haɗa masa kuɗin mai. Asabar da safe na tarar da mai motar, Musyu Alain, dattijo ɗan ritaya mai fara'a. Gaba akwai wani saurayi da ya toshe kunnuwa tun kafin mu tashi, ban ji muryarsa ba har muka rabu. Baya kuma ni da Biscotte.

Biscotte kare ne, jama'a. Ba a rubuta shi a cikin tallar motar ba, ko an rubuta ban karanta ba, ni dai farashi na gani na danna. Ƙaton kare mai ruwan zuma, da bel ɗinsa na mota an ɗaura masa kamar mutum. Kun san ni da kare. Na manne da ƙofa, na tattare abayata, ina karanto duk addu'ar da na iya. Musyu Alain yana ta cewa "il est gentil", wai yana da kirki. Shi kuwa Biscotte ko kallona bai yi ba. Jakata yake kallo. Tun daga fita Paris hancinsa na kan jakar nan, yana wani kuka ƙasa-ƙasa kamar maraya.

Hanyar kuwa shimfiɗe, ba rami ko ɗaya, amma wallahi ba rai. Duk wanda ya taɓa yin Yamai zuwa Damagaram a kar, babbar bas ɗin nan, ya san mi nake nufi. Can kowace tsayawa kasuwa ce, ga masu tsire, ga masu ƙwai, ga masu rake, ga jandarma ya shigo yana karɓar kati ɗaya bayan ɗaya. Nan iyakar da muka tsallaka ita ce peyaj, inda ake biyan kuɗin hanya, kuma ko mutum babu, inji ne ya ɗaga sanda muka wuce. Har na laluba takarduna don sabo. Musyu Alain ya yi dariya ya ce ba a ƙasa biyu muke ba.

A tsakiyar hanya muka tsaya hutawa. Na ɗauki sallayata na zagaya bayan wasu itatuwa na yi azahar, na bar jaka a mota, shi kuma Musyu Alain ya shiga shan kafe ya bar gilashi a ɗan buɗe. Da na dawo tun daga nesa nake jin atishawa. Biscotte ya zare kansa daga bel, ya buɗe jaka, ya yage takarda, ya yi wa kilishin Tanti Rabi tas. Sai jan yaji a gemunsa, idonsa na hawaye, yana atishawa yana kaɗa wutsiya. Musyu Alain ya rikice, rabi yana ba ni haƙuri, rabi yana tambayata mi ke ciki, ko zai kashe kare. Na ce ƙuli-ƙuli ne da citta da barkono, mu dai ba ya kashe mu. Aka ba shi ruwa ya sha kamar raƙumi. Sauran hanyar kuwa Biscotte ya ɗora kansa kusa da gwiwata ya yi barci, wai mun zama 'yan uwa. Ni ina tunanin abin da zan gaya wa Tanti. Har yanzu ban gaya mata ba, kuma duk wanda ya kai mata wannan labari Allah na ganinsa.

Lyon gari ne mai kogi biyu. Biyu, a gari ɗaya, suna ta wucewa ba mai kula su. Na tsaya a kan gada na tuna layin jarkoki a unguwarmu lokacin zafi, na ce Allah mai rabo. Fati ta tarbe ni ta kai ni ɗakinta na résidence, gidan ɗalibai, ɗakin da in ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango biyu. Ba a yarda baƙo ya kwana ba, don haka na shiga kamar kayan sumoga, ina tafiya a bayanta. Ta dafa mana makaroni da sardin, muka barbaɗa yaji, muka kwanta kai da ƙafa. Nasiharta ɗaya: in na je in kalli matar cikin ido, in ba haka ba za su ce ina ɓoye wani abu. Na ce Tanti ta ce kar in kalla. Ta ce Tanti ce za ta ba ki ɗakin?

Ranar Lahadi na hau tudun Croix-Rousse. Unguwar nan duk matakala ce, na isa ƙofar ina haki kamar na yi dakan gero. Madam Yolanda ta buɗe, gajeriya, farin gashi, murya kamar rediyo. Kafin in gama "bonjour" ta rungume ni ta sumbaci kumatuna, ta kira ni "mija", wai ɗiyata a yarensu. Ga ɗiyarta Karolina, ga mijin ɗiyar, Thierry, dogon Bafaranshe mai tabarau. Shi ma ya matso zai yi la bise, sumbar kumatun nan tasu, na ja baya na dafa ƙirji na ce bonjour Monsieur. Ya tsaya da wuyansa a miƙe. Na ce a raina, Zuwaira, an fara. Batun ido kuwa, na ɗan kalla na ɗan sunkuya, na ɗan kalla na ɗan sunkuya, har Madam ta tambaye ni ko wani abu ya faɗa mini a ido.

Na miƙa zoɓo da ƙuli-ƙuli. Ta sansana ƙuli-ƙulin, ta gutsura, ta kusa barin haƙori, ta ce za mu yi maganarsa daga baya. Ta nuna mini ɗakin. Jama'a, gado na gaske, taga mai kallon rufin gidaje, tebur, ƙofa mai rufuwa. Wanda bai shekara a kujerar falo ba, yara na kallon katun a talabijin a kansa, ba zai gane ba. Na hana kaina so don kar in sha wuya, amma ina, na riga na ga inda zan sa sallayata.

Muka shiga kwizin, ɗakin girki. Kaza na gasuwa a cikin fur, murhun gashi, kuma tun kafin in tambaya ta ce a wurin mahaucin Musulmi ta sayo, ta aiki Karolina har Guillotière. Ga baƙin wake a tukunya, ga soyayyar ayaba irin aloko, ga wasu fararen waina na masara masu kauri, arepa sunansu. Ta ce nawa aikin shi ne salatin da ake ci da kazar, na shu, wato kabeji, da karoti. A ƙasarsu wai kaza ba ta zuwa tebur ita kaɗai, ko a bakin titi ka saya sai an haɗo maka da shi. Ta ajiye mini ƙaton shu fari, karoti, albasa ƙarama, ganyen koriyanda, lemun tsami. Na tambaya a wace tukunya zan tafasa shu ɗin. Ta dafe kai, ta ce ɗanye ake ci, a yanka shi siriri kamar gashi. Sai waya ta yi ƙara a falo, 'yar uwarta ce daga can ƙasarsu, ta ce in fara tana zuwa.

To ku da kuka tashi a gida kun san dokar. Ganyen da za a ci ɗanye ba ya shiga baki sai ya kwanta a ruwan jabel, bilicin nan na wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. Ɗigo kaɗan a babbar roba, a bar shi ya jima, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa. Innata tana iya yafe maka ƙarya, ba ta yafe salatin da ba a jiƙa ba. A gidan Tanti ma haka muke yi har gobe, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko Faransawa na yi ba. Hannuna ne kawai ya yi aikinsa. Na yanka shu, na zuba a roba, na cika da ruwa, na durƙusa na buɗe ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ga butalin jabel. Na ɗauko, na buɗe murfi, na karkata shi a kan robar.

"Mais qu'est-ce que vous faites?"

Thierry ne a bakin ƙofa, ya zo ɗaukar kofuna, yana tambayar mi nake yi haka. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya taho ya karɓe butalin daga hannuna da hannu biyu, a hankali, kamar mai karɓe wuƙa daga hannun mahaukaci. Ko ɗigo bai zuba ba. Na buɗe baki in yi bayani, faransancina gaba ɗaya ya gudu, sai "c'est pour laver, c'est pour laver" nake ta maimaitawa, wai don wankewa ne. Ku duba hoton: baƙuwa, ta ƙi gaisawa da shi, an bar ta ita kaɗai a kwizin, an dawo an same ta tana zuba jabel a abincin iyali.

Madam ta shigo da waya a hannu. Ta kalli Thierry, ta kalli roba, ta kalle ni. Ta karɓi butalin ta sansana, ta rufe, ta mayar inda yake. Ba ta ce komi ba. Ta buɗe wani kabad na sama, ta fiddo farin binegar, ta tsiyaya a cikin ruwan, ta ce a bar shi ya jima. Ta ce wa Thierry ya je ya shirya tebur.

Shirun nan ya fi zagi ciwo. Na ce shi ke nan, ɗaki ya tafi, istaj ya tafi, sai in koma kujerar Tanti in jira shekara mai zuwa. Har na fara tsara saƙon da zan aika wa mutanen istaj a cikin kaina. Amma tun da ba a kore ni ba, na ci gaba da aiki. Na goge karoti a magogi har na haɗa da ɗan yatsa. Muka tsane shu, muka ɗauraye, ta sa na matse shi a cikin tsumma mai tsabta, ta ce in da ruwa a jikinsa miyar ba ta kamawa. A wani kwano ta sa na haɗa mayonez, ɗan mutar, wato mustad, ruwan lemun tsami, gishiri. Sai ta miƙo mini sukar.

Na ɗauka kuskure ne, na nuna mata gishiri na ce na riga na sa. Ta ce ta sani, sukar. A salati. Mu da muka saba kwaɗon shu, a tafasa, a daka ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, mai, yaji har hanci na zuba, yau ga ni ina zuba sukar a ganye kamar mai dama kunu. Amma wanda aka kama da jabel ba ya gardamar sukar. Na zuba. Ta ce ƙara. Na ƙara. Muka juye a kan shu da karoti, na yanka koriyanda da albasa ƙanana, na cakuɗa. Ta ɗanɗana a bayan hannunta yadda Innata ke yi, ta matsa sauran lemun, ta sa a firigo ya yi sanyi. Duk wannan ba ta tayar da maganar ba.

Muka zauna a tebur. Aka zuba mini kaza, wake, ayaba, arepa, salati a gefe. Na kai loma, kuma dole in faɗi gaskiya: abin nan ya yi. Sanyi, ƙaras-ƙaras a baki, tsami da zaƙi suna kokawa, ya yanke maiƙon kazar tas. Thierry kuwa ya ture nasa gefen faranti. Karolina ta tambaye shi lafiya. Sai ya ajiye cokali ya ba da labarin, cikin ladabi irin nasu mai yanka, yana cewa shi ba ya zargin kowa, amma surukarsa tsohuwa ce mai zama ita kaɗai, dole a yi tunani. Na sunkuyar da kai, wannan karon ba don nasihar Tanti ba.

Madam ta gama tauna lomarta. Ta juyo gare ni.

"Wa ya koya miki?"

"Innata."

"Ɗigo nawa?"

Na ce kaɗan, gwargwadon robar, kuma a ɗauraye sosai har warin ya fita. Ta gyaɗa kai. Sai ta juya ga surukinta, ta ce a garinsu can Venezuela uwarta ma haka take yi, kloro suke ce wa jabel, kuma duk gidan da ya san ciwon kansa yana yi, ko da shi ko da binegar. Ta ce tun zuwanta ƙasar nan ake mata dariya in ta jiƙa ganye, shi Thierry da bakinsa ya taɓa ce mata nan ba daji ba ne. Shi ya sa ta koma yi a ɓoye kafin su iso, kuma duk salatin da ya ci a gidan nan tun aurensa jiƙaƙƙe ne. Karolina ta toshe baki tana dariya, ashe ta sani. Laifina ɗaya, in ji Madam, wancan butalin na goge ƙasa ne, mai turare, ba a sa shi a abinci, kuma ruwan Lyon ba ya bukata, binegar ya isa. Ta ce yarinyar waccan Lahadin ta nuna wa shu ɗin famfo ne kawai ta ɗauke, kamar ana gaisawa da maƙiyi.

"Wannan," ta nuna ni da cokali, "a gida aka rene ta."

Thierry ya yi ja har kunne. Ya jawo salatin ya ɗanɗana, ya sake kai cokali. Daga baya har ƙari ya yi, ya kuma ba ni haƙuri, ya dafa ƙirji yadda na yi masa da safe. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma in don Allah ne ni ma da na ga baƙo da jabel a kan tuwona sai na yi ihu.

Duk da haka ba a ce mini an ba ni ba. Aka sha kafe, na wanke kwanoni, ta tambaye ni ƙuli-ƙulin nan mi ake yi da shi tun da ba ya ciwuwa. Na kwatanta mata kwaɗo. Ta ce shu dafaffe da gyaɗa, sai ta gani da idonta. Da na ɗauki jakata zan fita, ta kama hannuna ta sa mini wani abu mai sanyi a tafi, ta naɗe yatsuna a kai. Makulli. Ta ce Lahadi mai zuwa ni ce da salati, irin namu, amma binegar yana kabad na sama.

Matakalar Croix-Rousse da na hau ina haki, da gudu na sauko ta. Na kira Fati muka yi ta ihu a titi har wata tsohuwa mai kare ta tsallaka ɗaya gefen. Dawowa kuwa motar kar na shiga, na duba sosai babu Biscotte.

A cikin kar ɗin na kira Inna. Bayan gaisuwa na ce an samu ɗaki. Ta yi hamdala. Na fara ba ta labarin taga da gado da koguna biyu, ta katse ni. Ta ce matar da zan zauna da ita, ba Musulma ba, ba yarenmu ɗaya ba, mi na gani na halinta.

Na ce, "Inna, tana jiƙa ganye."



"To zauna," ta ce.